Yadda ake tantance tsohon takobin Japan da kayan ƙotarsa kafin a sa masa kuɗi

Yawancin waɗanda suka tafka asara a harkar tsofaffin takubban Japan sun fara ne da karanta sunan maƙeri. Suna shi ne abu mafi saukin ƙirƙira a jikin takobi, kuma tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce ake sassaƙa sunayen manyan maƙera a kan aikin wasu. Masana a Japan suna bin tsari ɗaya: siffa tukuna, sai ƙarfe, sai zanen kaifi, sai wutsiyar da ke cikin ƙota, sannan suna. Takardar tantancewa ita ce ta ƙarshe. A tarukansu na gwajin ido ma rufe wutsiyar suke yi, a ce wa mutum ya faɗi maƙerin daga ruwan takobin kaɗai. Wannan tsarin za mu bi.

Kayan aiki da yadda ake kwance takobi

Kana buƙatar ƙwan lantarki guda ɗaya mai haske rawaya, tsinken tura ƙusa na tagulla ko na gora, tishu mai laushi marar turare, ƙyalle mai tsafta, awo mai santimita, da gilashin ƙara girman abu. Fitila mai dogon bututu ba ta nuna zanen kaifi yadda ya kamata, haka ma hasken rana tsaka.

Idan za ka zare, ka riƙe kuben kaifi na kallon sama, ka ja a hankali yadda bayan takobin ne zai riƙa gogar itace. Kada ka zare rabi ka tsaya kana juyawa, nan ne ake karce ruwan takobi. Kada yatsa ya taɓa ƙarfen da aka wasa, domin gumin hannu yana barin tsatsa mai siffar yatsa cikin kwanaki kaɗan. Kada ka yi magana bakinka na saitin ƙarfen.

Ƙusar gora, mekugi, yawanci guda ɗaya, ita ke riƙe da ƙota. Gefe ɗaya ya fi ɗaya siriri, to daga siririn za ka tura ta ta fita. Ka riƙe ƙarshen ƙotar da hannun hagu, tsini na sama a ɗan karkace, kaifi na kallon nesa da kai, sai ka doki wuyan hannunka na hagu da dunƙulen hannun dama. Ka fara da sauƙi, musamman idan gajeren takobi ne, don yana iya tsalle ya fita gaba ɗaya. Idan ya saki, ka zare ƙota, sai siririn faifan seppa, sai tsuba wato faifan kare hannu, sai seppa na biyu, sai habaki, zoben da ke rungume da gindin ruwan takobi. Ka jera su yadda ka cire su. Idan ƙota ta ƙi fita, ana sa guntun itace a jikin tsuba a ƙwanƙwasa da gudumar itace. Gudumar ƙarfe ba ta da gurbi a nan. Daga nan ka share tsohon mai daga gindi zuwa tsini, tishun na zagaye da bayan takobi, ba ta gefen kaifi ba.

Tsawo da siffa

Ana auna tsawo a miƙe daga ɗan tudun da ke bayan takobi inda wutsiya ta fara, zuwa tsini. Ma'aunin Japan shi ne shaku, santimita 30.3. Abin da bai kai shaku ɗaya ba tanto ne. Daga ɗaya zuwa biyu wakizashi ne. Abin da ya haura biyu, wato santimita 60.6, katana ne ko tachi. Bambancin waɗannan biyun a wajen ɗauka yake: tachi ana rataya shi kaifi na kallon ƙasa, katana kuwa ana soke shi a ɗamara kaifi na kallon sama.

Ka miƙa hannu ka riƙe takobin a tsaye, ka dubi inda lanƙwasarsa ta fi zurfi, da faɗinsa a gindi idan an kwatanta da kusa da tsini, da girman tsinin. Waɗannan ukun su ne ke fara gaya maka zamani, domin siffar takobi ta riƙa canzawa da yadda ake yaƙi.

Takubban da aka yi kafin 1596 ana kiransu koto. Na ƙarshen zamanin Heian da farkon Kamakura, wajen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13, sirara ne, lanƙwasar tana kusa da ƙota, tsininsu ƙarami. A zamanin Nanbokucho, 1336 zuwa 1392, an yi manya masu faɗi da dogon tsini, wasu sun haura santimita 90, kuma mafi yawansu an rage musu tsawo daga baya. A ƙarshen Muromachi, lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 16, an koma gajeru na hannu ɗaya, kusan santimita 60 zuwa 65, masu gajeriyar wutsiya, lanƙwasar ta matsa wajen tsini.

Daga 1596 zuwa wajen 1780 shinto ne. Mafi saukin ganewa a cikinsu su ne na shekarun Kanbun, 1661 zuwa 1673: kusan a miƙe suke, suna tsukewa zuwa tsini. Daga 1781 zuwa 1876 shinshinto ne, lokacin da Suishinshi Masahide ya yi kira a koma ga hanyar magabata. Nan tarkon yake, domin takubban wannan zamani suna kwaikwayon siffar Nanbokucho. Abin da ke tona su shi ne nauyi da kauri, ga ƙarfe mai sumul da bai sha washi da yawa ba. A 1876 gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi, sana'ar ta durƙushe, ba ta sake tashi sosai ba sai da sojoji suka buƙace ta a ƙarni na 20.

Fatar ƙarfe da zanen kaifi

A nan ya kamata ka ɓata lokaci. Maƙeri yana ninke tamahagane, ƙarfen gargajiya na Japan, sau da yawa yana bugawa, sannan ya naɗe ƙarfe mai tauri a kan wani mai laushi da ke ciki. Ninkin nan yana barin zane a fatar takobi, shi ake kira hada. Itame shi ne mai kama da zanen katakon da aka tsaga, mokume mai zagaye-zagaye, masame mai layuka a miƙe, ayasugi kuwa igiyoyi ne masu hawa da sauka a jere, alamar maƙeran Gassan. Hada na gaske ba ya yi maka ihu. Sai ka kawo ido kusa, haske na sauka daga sama, kafin ka gan shi. Idan ka hango zane mai baƙi da fari tun daga nesa, asid aka zuba, kuma kusan tabbas ba aikin Japan ba ne.

Wajen ban-ruwa, maƙeri yana shafe jikin takobin da laka mai kauri, ya bar ta siririya a bakin kaifi, ya gasa, ya tsoma a ruwa. Bakin ya huce da sauri ya yi tauri, jikin ya huce a hankali. Iyakar da ke tsakaninsu ita ce hamon. Don ka gan ta, ka nuna tsinin wajen ƙwan lantarki, ka saukar da takobin har hasken ya kwanta a kansa, ka riƙa ɗagawa da saukewa kaɗan-kaɗan. Za ka ga wani farin layi mai ƙyalli ya taso daga cikin ƙarfen. Ka lura da kyau: farin zanen da ake gani idan takobi na kwance a tebur sau da yawa kwalliyar mai washi ce, hadori, wadda yake bi da ƙananan duwatsu. Hamon na ainihi yana ƙarƙashinta, kuma siffarsu tana iya bambanta. Masu sayar da takobin da wuta ta kashe wa kaifi da wannan kwalliyar suke rufe asiri.

Farin layin yana zuwa iri biyu. Nie ƙwayoyi ne da ido ke iya rarrabewa ɗaya-ɗaya, kamar an watsa tsabar gero. Nioi kuwa ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta har sun haɗe sun zama hazo. Siffofin da za ka fi cin karo da su: suguha a miƙe, notare mai lanƙwasa a hankali, gunome mai tuddai zagayayyu, da choji mai kama da kan kanumfari.

Da waɗannan ake raba tsofaffin takubba gida biyar. Bizen, a yankin Okayama na yau, inda garin Osafune yake, ta fi kowa yawan takubba: nioi, choji ko gunome, da wata inuwar hamon da ke bayyana a jikin takobin sama da shi, utsuri. Yamashiro, wato Kiyoto, ƙarfe mai laushin zane da suguha mai tsafta. Yamato, ta Nara, masame da doron tsakiya mai tudu. Soshu ta Kamakura, gidan shahararren maƙeri Masamune, nie mai yawa da layuka masu walƙiya a cikin hamon. Mino, wadda cibiyarta ke Seki a yankin Gifu, gunome mai tsini-tsini, kuma jerin uku-uku da ake kira sanbonsugi na gidan Kanemoto ne. A zamanin shinto an ƙirƙiro sababbi, irin toranba na Tsuda Sukehiro na Osaka, mai siffar igiyar teku.

Kada ka bar tsini ba ka duba ba. Hamon yana zagayawa cikin tsini, wannan sashen shi ne boshi, kuma a nan gwanintar maƙeri ke fitowa. A koto, idan hamon mai hawa da sauka ne, yawanci haka yake shiga tsini. A shinto galibi yana natsuwa ya bi bakin tsinin ya juyo da ɗan zagaye. Shinto da yawa kuma suna fara hamon da ɗan miƙaƙƙen sashe a gindi kafin zane ya soma.

Aibin da ke kashe takobi da wanda ake haƙuri da shi

Hagire shi ne babba: tsaga siririya kamar gashi da ta taso daga bakin kaifi ta ratsa hamon a tsaye. Ka bi kaifin da gilashi santimita bayan santimita, gefe biyu. Idan tsagar ta bayyana a wuri ɗaya ta fuska biyu, takobin ya mutu, babu gyara. Na biyu shi ne ɓacewar boshi: tsini ya taɓa karyewa, aka sake fiƙe shi har aka wuce ƙarfe mai tauri, sai ka ga hamon ya fice ta bakin tsini maimakon ya juyo. Na uku, yankewar farin layin a wani wuri.

Akwai kuma saiha, takobin da gobara ta ci aka sake yi masa ban-ruwa. Alamominsa: lanƙwasa mai zurfin da bai dace da zamaninsa ba, ƙarfe busasshe marar rai, wutsiya mai ɓawon ƙuna, da wani farin hazo da ke tashi a karkace daga gindin kaifi, mizukage. Wannan na ƙarshe shi kaɗai ba hujja ba ne, domin wasu maƙeran kirki, irin Horikawa Kunihiro, suna barin sa a aikinsu na asali.

Ƙananan buɗewar ninki da kumburin iska a ƙarƙashin fata suna rage kuɗi amma ba sa kashewa. Gajiya ita ce idan washi ya cinye fatar har ƙarfen ciki ya leƙo, faci-faci masu duhu marasa zane. Hanyar gane yawan washin da takobi ya sha ita ce ka dubi kaurinsa ta baya, ka kwatanta wutsiya da inda ruwan takobi ya fara. Idan wutsiya ta fi kauri nesa, an ci ƙarfe da yawa. Ɗan tudun da ke gindin kaifi ma yana shafewa. A takobin shekara 700 ana yafe wannan, a na shekara 200 ba a yafewa. Saran wani takobi a baya ko a gefe, kirikomi, ba a lissafa shi aibi, masu washi ma barin sa suke yi.

Wutsiya

Doka ɗaya ce a nan ba ta da togiya: ba a goge wutsiya, nakago. Ba samfefa, ba burushin waya, ba ruwan cire tsatsa. Tsatsar da ke kanta ita ce shaidar shekarunta, kuma wanda ya kankare ta ya zubar da babban kaso na darajar takobin cikin minti biyar.

Wutsiyar koto baƙa ce wuluk, mai santsi, zanen magagari ya kusa shafewa. Ta shinto ruwan ƙasa mai duhu ce, zanen yana nan. Ta shinshinto ta fi haske, zanen magagarin da kaifinsa, sau da yawa da ƙawa a farkonsa. Ta lokacin yaƙin duniya na biyu toka-toka ce da ɗigon jan tsatsa. Tsatsar da aka haɗa da sinadari takan zo launi ɗaya ko'ina, ja-ja ko mai ɓarɓashi, wani lokaci har da wari. Zanen magagarin kansa shaida ne, domin kowane gida da nasa: a kwance, a karkace, mai siffar gashin shaho, ko mai gicciye irin na Mino.

Ka ƙirga ramukan ƙusa. Rami ɗaya da ƙarshen wutsiya mai siffar da maƙeri ya ba ta yana nuna ubu, ba a taɓa ta ba. Ramuka biyu ko uku da ƙarshe yankakke a miƙe suna nuna suriage, an rage tsawo. Ana rage takobin Japan daga gindi ne, ba daga tsini ba, shi ya sa suna ke ɓacewa idan ragin ya yi yawa. Idan ka ga hamon ko kwarmin jikin takobi ya zarce cikin wutsiya, an rage shi ko an matsar da gindin sama.

Sai suna

Ka riƙe wutsiya tsini na sama, kaifi na hagunka. Idan sunan yana fuskar da kake kallo, an sa shi a matsayin katana. Idan yana ɗaya fuskar, tachi ne. Gidan Tadayoshi na Hizen sun saba wa wannan, suna sa hannu a dogayen takubbansu ta gefen tachi, don haka dogon takobi mai sunansu a gefen katana abin tuhuma ne.

Ana karantawa daga sama zuwa ƙasa: lardi, gari, wani lokaci muƙamin girmamawa, sunan maƙeri mai harafi biyu, sai harafin da ke nufin shi ya yi. Ɗaya fuskar takan ɗauki kwanan wata da sunan zamanin sarauta. Showa ta fara a 1926, saboda haka ka ƙara 1925 a kan lambar shekarar: Showa 18 ita ce 1943. Za ka ga watan biyu da watan takwas sun fi yawa a tsofaffin takubba, al'adar maƙera ce, kada ka ɗauke shi a matsayin ainihin ranar da aka gama aiki.

Suna ɗaya ba mutum ɗaya ba ne. Maƙera da dama sun yi aiki da sunan Sukesada a Osafune. Gajeren sa hannu irin Bishu Osafune Sukesada galibi na takubban da aka yi da yawa ne don sojojin ƙarni na 16, wanda kuwa ya zo da cikakken sunan mutum, kamar Yosozaemon no jo Sukesada, na oda ne, kuma tazarar kuɗinsu babba ce.

Sunan jabu, gimei, ya fi yawa a kan manyan sunaye. Masu harkar a Japan suna cewa in ka ga Kotetsu, ka ɗauka jabu ne. Takubban Masamune masu sa hannu na gaske 'yan ƙalilan ne, kuma an san inda suke. Ana tantance suna ta hanyar kwatanta shi da kwafin sa hannun da aka tabbatar: yawan saran kurfi a kowane harafi, inda saran ya nufa, wurin da sunan ya zauna daga ramin ƙusa, da ko tsatsar cikin saran ta yi daidai da ta kewaye. Amma tambayar farko ita ce ko aikin da ka gani a matakan baya ya dace da mai sunan. Siffar Kanbun da sunan maƙerin Kamakura ba sa haɗuwa, komai kyan rubutun. Sunan da aka cusa da zinariya kuwa ba na maƙeri ba ne, hukuncin masu tantancewa ne, irin gidan Hon'ami, a kan takobin da aka rage.

Takubban soja da na bogi

Bayan 1945 sojojin ƙawance sun kwashi takubba masu ɗimbin yawa zuwa gida, musamman Amurka, shi ya sa da yawa daga abin da ke yawo a wajen Japan yake cikin kuben soja. Ruwan takobin da ke ciki iri uku ne. Akwai tsohon takobin gado da hafsa ya sa wa kayan soja. Akwai wanda aka ƙera da hannu ta hanyar gargajiya a lokacin, kamar na maƙeran wurin ibadar Yasukuni daga 1933 zuwa 1945, ko masu tambarin tauraro a wutsiya. Sai showato, na ƙarfen masana'anta da aka tsoma a mai: ba hada, hamon ba ƙwayoyi, kuma sau da yawa da ƙaramin tambarin Showa ko na Seki sama da suna. Na ƙananan hafsoshi, samfurin 95, inji ne ya yi shi, ƙotarsa galibi ta ƙarfe, da lamba a jikin ruwan takobin. Waɗannan suna da masu sayensu a matsayin kayan tarihin yaƙi, amma ba a yi musu kuɗin aikin hannu.

Na bogi da ake yi a wajen Japan suna da saukin kamawa: tsini marar layin da ke raba shi da jiki, layukan jiki masu karkacewa, wutsiya mai kaushi kamar an yanka da injin, haruffa barkatai a kan ruwan takobi, lamba a jikin habaki, da igiyar ƙota da duk gicciyenta ke bin gefe ɗaya. A aikin Japan gicciyen yana musanyawa, wannan dama ta hau, na gaba hagu ta hau.

Kayan ƙota da kube

Waɗannan fanni ne mai zaman kansa, kuma ga mai ƙaramin jari nan ya fi dacewa ya fara. Ban da tsuba akwai fuchi da kashira, zobe da hular ƙota. Menuki, 'yan adon da ke ƙarƙashin igiya. Kozuka, ƙotar ƙaramar wuƙar da ke gefen kube. Da kogai, tsinken gyaran gashi. Ana naɗe itacen ƙota da fatar wani kifin teku mai ƙuraje kafin a yi ɗaurin siliki.

Ka fara sanin ƙarafan. Shakudo jan ƙarfe ne da aka garwaya da zinariya kaɗan, aka dafa a sinadari ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi. Shibuichi jan ƙarfe ne da azurfa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, launinsa toka. Launin nan a fata kawai yake. Wanda ya sa man goge tagulla zai wayi gari da jan ƙarfe tsirara a hannunsa. Gidan Goto, wanda Goto Yujo (1440 zuwa 1512) ya kafa, sun shahara da shakudo mai nanako, ƙananan ƙuraje da ake bugawa ɗaya bayan ɗaya da kurfi. Da gilashi za ka ga layukan a jere, kowane ƙurji zagayayye da kansa. A na zubi ƙurajen sun narke cikin juna. Yokoya Somin ya fito da sassaƙa mai kama da zanen alkalami, gidan masu sassaƙa na Nara ya fitar da Toshinaga da Yasuchika da Joi, Kano Natsuo (1828 zuwa 1898) kuwa shi ne babban na ƙarshen zamanin. Duk sunayen nan an yi musu jabu ba adadi.

A tsuba ta baƙin ƙarfe, irin ta Owari, Akasaka, ko ta Higo daga gidajen Hayashi da Nishigaki, ƙarfen ake saye kafin zane. Babban abin dubawa shi ne ko ƙira ce ko zubi. Ka leƙa cikin hudojin ado da gefen faifan: siririn layi a tsakiyar kauri, ƙananan ramukan iska, da suna mai dakusasshen gefe duk alamun zubi ne. A ta gaske za ka ga saran kurfi a bakin ramin tsakiya, wani lokaci da guntayen jan ƙarfe da aka cusa sama da ƙasa don ta zauna daram a wani takobi. Idan guntayen nan launinsu da jikinsu ɗaya ne da faifan, an zuba su tare ne daga kwafin wata. Jan tsatsa a tsuba ana kankare shi a hankali da ƙashi ko ƙaho, a goge da ƙyallen auduga, a bar baƙin. Menuki na kirki ana bugo shi ne daga baya, don haka bayansa rami ne mai bin siffar gaba.

Ka duba ko kayan tare aka yi su ko dillali ne ya harhaɗa: tsuba mai girgiɗi, seppa uku ko huɗu da aka cusa don cike giɓi, ramin ƙota da bai yi saiti da na wutsiya ba, ko kube da ya fi takobin tsawo da yawa.

Takardu da farashi

Katin rajista, torokusho, da hukumomin ilimi na larduna ke bayarwa tun 1951, izinin mallaka ne kawai. Yana kwafe abin da ke rubuce a wutsiya ko da jabu ne. Takardar tantancewa da kasuwa ta fi yarda da ita ta NBTHK ce, ƙungiyar kare takubban Japan, wadda aka kafa a 1948, mai gidan adana takubba a Tokiyo. Matakanta huɗu, daga ƙasa zuwa sama: Hozon, Tokubetsu Hozon, Juyo, Tokubetsu Juyo, kuma tana ba kayan ƙota ma. Tsofaffin takardunta na Kicho, fari da kore da shuɗi, an daina su a 1982 kuma ba a dogara da su yanzu. Babban suna da koriyar takarda kaɗai yana nufin ka tambayi dalilin da ya sa ba a sake kai shi ba. Wata ƙungiyar daban, NTHK, ita ma tana tantancewa. Kowace takarda ka samu, ka ɗora hoton wutsiyar da ke jikinta kusa da takobin, ka gwada ramuka, tsawo da tabon tsatsa.

Wajen sa kuɗi, ka jera tambayoyin haka: waye maƙerin kuma mene ne matsayinsa, a jadawalin maƙera na masani Fujishiro mai hawa biyar daga chu saku zuwa saijo saku, lafiyar ƙarfen, ko wutsiya ubu ce da suna, tsawo, yanayin washi, matakin takarda, sannan kube da kayansa. Ragi da rashin suna ba sa kayar da takobin Kamakura ko Nanbokucho, da yawa irinsu sun kai Juyo. Amma shinto da aka rage ya rasa suna ya faɗi warwas. Katana mai kusan santimita 70 ya fi wakizashi na maƙeri ɗaya tsada nesa ba kusa ba.

Lissafin da sababbin shiga ke mantawa shi ne na gyara. Mai washin da ya yi koyo na kusan shekara goma yana caji ne da tsawo, kuma washin katana da sabon habaki da sabon kuben ajiya yakan ci dalar Amurka dubbai, ga jiran watanni ko fiye da shekara. Tsatsa kuma tana iya ɓoye hagire da ba zai fito ba sai an kai rabin aiki. Idan kana shakka, ana iya buɗe taga, wato a wasa ɗan sashe kaɗan a ga abin da ke ƙasa. Wanda zai sayi na farko gara ya ɗauki wakizashi mai washi da takardar Hozon a kan dogon takobi mai tsatsa da babban suna.

Ajiya da fitarwa

Ana ajiye ruwan takobi a shirasaya, farin kuben itacen honoki marar fenti da aka manne da ƙullin shinkafa, a kwance, kaifi na sama. Ka share tsohon mai ka shafa sabo duk bayan wata uku ko makamancin haka, ka ƙara yawaita a lokacin damina ko bayan sabon washi. Man choji, wato man takobi mai ƙanshin kanumfari, ake amfani da shi, man keken ɗinki mai tsafta ma yana yi. Shafawa ce siririya wadda ba ta taruwa ta yi ɗigo, domin mai da yawa yana jiƙa cikin kube ya tara datti. Man girki yana daskarewa ya yi ɗanko. Hodar uchiko, garin dutsen washi da ake share mai da shi, mai arha tana karce washi, ƙyalle mai laushi ya wadatar. Inda hunturu ke da tsananin bushewa, itacen kube yana tsukewa ya buɗe a mahaɗa, fentin urushi, na ƙaron itace, ya tsage, don haka a sa shi cikin jakarsa ta ƙyalle a akwati, nesa da rana da iska.

Takobin da zai bar Japan sai an samo masa takardar hukumar kula da al'adu da ke shaida cewa ba ya cikin dukiyar ƙasa da aka hana fitarwa, abin da kan ɗauki 'yan makonni, kuma ana mayar da katin rajistarsa ga hukuma. Kafin ka biya, ka nemi bayanin kwastan da 'yan sandan ƙasarka a rubuce kan shigo da makami mai kaifi, ka tabbatar kamfanin jigilar yana karɓar takobi, kuma ka tambayi mai sayarwa ko akwai hauren giwa a jikin kayan, domin shi kaɗai ya isa a riƙe kunshin a iyaka.